Masaƙun Kakuri: daga ina gyaran zai fara?

Injiniya Bashir, Yanbu:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Duk gwamnatin da ta zo sai ta yi alkawarin tayar da masaƙun Kaduna, kuma har yau ciyawa ce ke cin harabar yawancinsu. A Kakuri, unguwar masana'antu ta Kaduna, masaƙar KTL (Kaduna Textiles Limited) ta fara aiki a 1957 zamanin Sardauna, ta rufe a 2002. Arewa Textiles da Nortex da Finetex suka bi sahu. UNTL (United Nigerian Textiles), wadda ta fi su girma, ta tsaya a 2007, aka tashe ta a 2010 da rance daga asusun naira biliyan 100 da aka ware wa auduga da masaƙu, amma ba ta koma yadda take a da ba. Ra'ayina shi ne an daɗe ana fara gyaran daga inda bai kamata ba. Ana ba kamfani kuɗi, alhali abin da ya kashe shi yana wajen katangarsa. Mu da muke zaune a nan Saudiyya muna ganin yadda aka yi biranen masana'antu na Jubail da Yanbu: an kafa hukumarsu a 1975, aka ja gas, aka kawo wuta da ruwa da hanya da tashar jiragen ruwa, sannan aka ce masu masana'antu su zo. A Kakuri kowace masaƙa ita ce kamfanin wutar kanta, ita ce hukumar ruwan kanta. Ina son masu sanin harkar su sa baki, amma da lissafi.

Auwal, Dammam:
Wa alaikumus salam Injiniya. To fara ba mu lissafin wutar, don kowa yana cewa wuta wuta, ba a faɗin nawa.

Injiniya Bashir, Yanbu:
Madalla. Ɗauki masaƙar kaɗi matsakaiciya, mai mazari 25,000, tana kaɗa zare mai lamba 30 (lambar ita ce ma'aunin sirantar zare). Idan injinan na zamani ne kuma ana aiki dare da rana, za ta fitar da tan 10 zuwa 12 a yini. Kowane kilo na wannan zaren yana cin kusan kilowat-awa 3, har da injinan daidaita laimar ɗaki. Ke nan tana buƙatar wajen megawat ɗaya da rabi, ba yankewa. Tun Afrilun 2024 kuɗin wutar Band A, wato rukunin da aka yi wa alkawarin wuta mafi yawan awanni a Najeriya, ya haura naira 200 a kilowat-awa, wato sama da naira 600 a kan kowane kilon zare tun ba a biya ma'aikaci ba. A nan Saudiyya kuɗin wutar masana'antu a 2024 halala 18 ne a kilowat-awa, wanda bai kai senti 5 na dala ba. Namu ya ninka shi kusan sau uku. In aka koma janareta, litar dizal ɗaya ba ta wuce kilowat-awa 3 zuwa 3 da rabi, kowa ya buga da farashin lita a yau ya gani.

Amma tsadar ba ta kai yankewar illa ba. In wuta ta ɗauke ko da na daƙiƙa biyar ne, zare yana tsinkewa a kan dubban mazarai lokaci guda, sai ma'aikata sun bi ɗaya bayan ɗaya suna ƙullawa, kuma duk wurin da aka ƙulla gaɓa ce mai rauni da za ta sake tsinkewa a kan masaƙa. A ɓangaren rini kuwa, yadin da ya tsaya a cikin ruwan rini ko a cikin injin busarwa ya tashi daga sahun farko, launinsa zai fito wani wuri duhu wani wuri haske. Ku tuna Oktoban 2024, lokacin da aka lalata layin Shiroro zuwa Mando, ɗaya layin ma ya samu matsala, Arewa ta kwana fiye da mako a duhu. Ba mai zuba dala miliyan 20 a injina ya jingina su da layi irin wannan.

Baba Isyaku, Madina:
Bashir ɗana, ka taɓo laima ka wuce da sauri, alhali nan ne masu sha'awar farfaɗo da tsofaffin gine-ginen suke yin kuskure. Ɗakin kaɗi yana son laima kashi 50 zuwa 60, ɗakin saƙa kashi 70 zuwa 80. A Kaduna lokacin hunturu laimar iska tana faɗuwa ƙasa da kashi 20. In injin fesa ruwa da manyan fankokin da ke zagaya iska ba sa aiki, audugar tana bushewa, tana tashi kamar ƙura, tana naɗewa a jikin robobin da ke jan ta, zaren tsaye kuma yana ta tsinkewa komai sitacin da aka sha masa. Ramukan iskar da ke ƙarƙashin daɓen waɗannan masaƙu shekara 20 ke nan ruwa yana kwana a ciki.

Su kuma injinan, a daina yaudarar jama'a cewa za a goge su a sa mai su tashi. Masaƙa mai ƙoshiya ta wancan zamani tana jifa wajen 200 a minti. Ta yanzu mai hura iska tana haura 800, yadinta ya fi faɗi, aibinsa ya fi kaɗan. Kayan gyaran tsofaffin ma an daina ƙera da yawa daga cikinsu. Abin da ya rage mai daraja a Kakuri shi ne fili, da rumfunan da rufinsu bai rufta ba, da kusancin layin dogo da kogi, da mutanen da suka san aikin. Ƙarfen ciki a auna shi a sayar.

Alhaji Ɗanlami, Jidda:
Ku injiniyoyi kullum daga inji kuke farawa. Ni tambayata ɗaya ce: wa zai saya? A ce an ba ku wuta kyauta. Turmin atamfar da aka buga a Chana yana sauka Kwatano ko Lome, ya hau mota zuwa Maraɗi, ya tsallako ta Jibiya ko Maigatari, ya kwana a Kantin Kwari a farashin da bai kai kuɗin akokon da kuka saƙa ba, tun ba ku rina ba. Kuma zanen da kuka ɓata wata uku kuna tsarawa, cikin 'yan makonni an kwafe shi, har tambarin bakin zani. Daga Janairun 2005, da yarjejeniyar da ke ƙayyade cinikin tufafi a duniya ta ƙare, ambaliyar ta ƙaru. An rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, Babban Banki ya hana dala ga masu shigo da yadi a Maris na 2019 ya janye hanin a Oktoban 2023. Masaƙa nawa ta buɗe a Kakuri a tsakanin nan? Haramci yana ƙara wa ɗan fasa-ƙwauri riba ne kawai.

Hajiya Rabi, Makka:
Alhaji, akwai kasuwar da fasa-ƙwauri ba ya shiga, kuma tana gabanmu a nan duk shekara. A Hajjin 2024 an ba Najeriya kujeru 95,000. Kowace hukumar alhazai ta jiha tana raba yadin inifom, ga jaka babba da ƙarama, ga hijabi, ga harami na maza, wanda kusan duk wanda ake sayarwa a shagunan Makka da Madina daga waje yake zuwa. Me zai hana a ce duk wannan a Kaduna za a saƙa shi? Kuɗin yana cikin kuɗin kujera tun kafin a tashi.

Auwal, Dammam:
Hajiya, shawarar tana da kyau amma mu auna ta. A ɗauka maza 55,000 ne, haramin kowa gyauto biyu masu nauyin kilo ɗaya da ɗan kai. Duka bai wuce tan 70 na zare ba. Masaƙar da Injiniya ya kwatanta za ta kaɗe shi cikin mako guda. Inifom kuma, ko yadi 10 aka ba kowane alhaji, bai kai yadi miliyan ɗaya ba, aikin wata ɗaya ne ga injinan saƙa 100. Sannan harami saƙar tawul ce, injinta daban. Ga shi shekarun nan kujerun ma ba sa cika saboda tsada. Sauran wata goma sha ɗaya fa?

Hajiya Rabi, Makka:
Ban ce shi kaɗai zai riƙe masaƙa ba, ƙanina. Cewa na yi a fara da mai sayen da aka san adadinsa da ranar da zai karɓa. Haɗa alhazai da kakin soja da na 'yan sanda da kwastan da masu yi wa ƙasa hidima, da inifom ɗin 'yan makarantun gwamnati na jihohi 19, da zanen gado da labulen asibitoci. Dokar shugaban ƙasa mai lamba 003 ta 2017 ta riga ta ce hukumomi su fifita kayan gida. Inda ake samun matsala shi ne ɗan kwangila ya karɓi aikin, ya yi odar yadin daga waje, ya ɗinka a Legas ko Aba, a rubuta an yi a Najeriya. Maganinsa a raba kwangilar biyu: hukuma ta sayi yadi kai tsaye daga masaƙa, ta miƙa wa maɗinka da awo. Rigar ɗan firamare da wandonsa yadi 2 da rabi zuwa 3 ne, an san adadin yara, ba inda yadi zai ɓace.

Kuma ɗinkin nan shi ne mai ɗaukar mutane. Masaƙar kaɗi ta zamani mutum 'yan ɗaruruwa take ɗauka. Rumfa ɗaya ta tsohuwar masaƙa za ta ci keken ɗinki na lantarki 500, kowanne da mutum a kai, ban da masu yanka da masu guga da masu duba aibi, kuma wutarsu ba ta kai ko kusa da ta kaɗi ba. Ana koya wa yarinya ɗinkin layi, wato ita wuya kawai, waccan hannu kawai, cikin wata biyu zuwa uku.

Malam Nasiru, Riyad:
Duk kun tsallake gona. Bari in ɗora a kan lissafin Injiniya. Tan 10 na zare a yini yana cin kusan tan 11 da rabi na gurzajjiyar auduga, don kashi 12 zuwa 15 yana tafiya a datti da gajeren gashi. A shekara tan 4,000 ke nan. A wurin gurza, kilo 100 na audugar gona yana ba da kilo 35 zuwa 40, sauran angurya ce da ƙura. Ana buƙatar tan 10,500 daga gona. In hekta tana ba da kilo 800, kuma gonaki da yawa ba sa kaiwa, masaƙa ɗaya tak tana jiran hekta 13,000. Yankin da zai ba da wannan, Funtuwa da Malumfashi da Gusau da Tsafe, shi ne inda 'yan bindiga suka hana noma a wurare da dama.

Tun da aka rushe hukumar auduga a 1986, ba mai tsaye a kan iri da daraja. Manomi yana karɓar angurya daga wurin gurza, iri uku ko huɗu a cakuɗe, wani ya yi dogon gashi wani gajere. Zare mai lamba 30 yana son gashi mai tsawon milimita 27 zuwa 28, kuma ya zama bai ɗaya. Sannan shuka: auduga tana son a binne ta daga tsakiyar Yuni zuwa farkon Yuli, amma manomi sai ya gama da masara da dawa tukuna, ruwa ya ɗauke ƙwallon bai cika ba. Cibiyar binciken noma ta Samaru tana da irin SAMCOT, kuma a 2018 an amince da iri biyu masu jure tsutsar ƙwallo, sai dai tsadar irin ta hana ƙaramin manomi.

Abin da ya fi ɓata sunan audugarmu shi ne buhun leda. Ana tsinke ta a buhun taki, a ɗinke bakin da zaren buhun. Silin ledar nan guda ɗaya in ya shiga, injin gurza yana yayyaga shi gida ɗari, ya bi auduga har cikin zare, ba a ganinsa sai an rina yadi, don leda ba ta kama rini: sai ka ga fararen layuka sirara a jikin shuɗin yadi, a mayar da shi sahu na biyu. Ga masu yayyafa ruwa da zuba yashi don nauyi. Gyaran ba shi da tsada. A raba buhun yadi na auduga, a ɗaure da igiyar auduga, a sa ma'aunin laima a fuloti, abin da ya wuce kashi 8 zuwa 10 a rage masa kuɗi, mai tsabta a ƙara masa a take, a hannu. Manomi in ya ga bambancin kuɗi sau ɗaya ya gane.

Alhaji Ɗanlami, Jidda:
Malam, ko ka gyara ta, in dala ta tashi ɗan kasuwa zai kwashe ta ya fitar waje, masaƙa ta zauna ba auduga. An sha gani.

Auwal, Dammam:
Wannan maganar jarin juyawa ce, Alhaji. Auduga tana fitowa daga Nuwamba zuwa Fabrairu, dole masaƙa ta sayi ta shekara guda a wata huɗun nan ta ajiye. Kuɗin ruwan Babban Banki ya kai kashi 27 da rabi a ƙarshen 2024, bankunan kasuwa suna ba da rance a wajen kashi 30. Ba sana'ar zare da ke da ribar da za ta biya wannan. Rancen da aka bayar a baya da yawansa ya tafi ne wajen biyan tsohon bashi da sayen dizal da baƙin mai. A nan asusun raya masana'antu da aka kafa a 1974 yana iya ɗaukar rabin kuɗin aiki, har kashi 75 a yankunan da ba su ci gaba ba, a biya cikin shekaru masu yawa, amma sai ya aiko masu bincike sun ga injin, sun ga kasuwar. Abin da zai yi mana aiki shi ne rance iri biyu: na injina mai dogon zango da za a biya kai tsaye ga maƙerin injin, da na auduga wanda dilolin da ke cikin sito su ne jingina, ana sakin su ana biya.

Akwai kuma abin da mai saka jari zai fara tambaya: filin na waye, kuma bashin wa ke kansa? KTL mallakar jihohin Arewa 19 ce. Ma'aikatanta sun shafe shekaru suna bin haƙƙinsu na sallama, da yawa sun rasu ba su karɓa ba, matansu da 'ya'yansu ne ke bi. Wannan haƙƙi ne a gaban Allah kafin ya zama matsalar takarda. A ƙididdige shi, a biya daga kuɗin tsofaffin ƙarafa da hayar fili, sannan a ba sabon mai zuwa takarda mai tsabta.

Injiniya Hauwa, Jubail:
Yaya Bashir, ka ce gas, amma ba ka faɗi rabin amfaninsa ba. Masaƙa ba wuta kaɗai take ci ba, tana cin tururi: wurin shan sitaci, wurin dafa yadi da soda, wurin wanki, wurin busarwa. A da baƙin mai daga matatar Kaduna ake ƙonawa a tukunyar tururi, matatar da aka buɗe a 1980. Da ta daina aiki yadda ya kamata sai aka koma jiran tanka daga kudu. Injin gas yana mayar da kusan kashi 40 na ƙarfin gas ɗin ya zama wuta, kusan wani kashi 40 ɗin yana fita a zafin hayaƙi da ruwan sanyaya inji. In aka ɗora tukunya a kan bututun hayaƙin, tururin ya zo kusan kyauta. Shi ya sa tashar take bukatar zama a cikin unguwar masana'antun, don tururi ba ya tafiya nesa, yana hucewa ya koma ruwa. Tashar Kudenda mai megawat 215, da aka ba da kwangilarta tun 2009, darasi ce: an kafa injina ba a tabbatar da abin da za su ƙona ba.

Bututun gas na AKK, kilomita 614 daga Ajakuta ta Kaduna zuwa Kano, an ƙaddamar da aikinsa a Yunin 2020, an sha ɗaga ranar gamawa. Amma ko ya iso, babban bututu ba ya shiga masaƙa. Sai an yi tashar rage matsi da awo, an ja ƙaramin layi zuwa Kakuri da Kudenda, an sa hannu a yarjejeniyar saye mai farashi sananne na shekara 10 ko fiye. Wannan aikin ne ya kamata jiha ta riƙa bi tun yanzu. Dokar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu, don haka kamfani ɗaya zai iya sayar wa masana'antun unguwar wuta da tururi da ruwa, kwatankwacin aikin Marafiq, kamfanin wuta da ruwa na nan Jubail da Yanbu.

Ruwa kuma: rini da wanki suna cin lita 100 zuwa 150 a kowane kilon yadi. Tan 10 a yini ya zama lita miliyan ɗaya zuwa ɗaya da rabi, kuma kusan duka zai fito da soda da gishiri da launi. A da magudanar Makera ce ke kwashe shi zuwa Kogin Kaduna, inda masu lambu ke ban-ruwa a ƙasa. Kada a maimaita. Matatar dagwalo ɗaya ta haɗin gwiwa: tafkin da zai gauraya ruwan ya huce, a sa asid a kashe kaifin sodar, a zuba alif datti ya kwanta, a hura iska ƙwayoyin halitta su cinye saura. Ƙaramar masaƙa ba za ta iya ita kaɗai ba, goma za su iya.

Alhaji Ɗanlami, Jidda:
'Yata, duk na ji. Amma har yanzu ban ga wanda ya amsa mini batun atamfa ba.

Baba Isyaku, Madina:
Amsar ita ce kada a fara da ita, Alhaji. Atamfa mai arha ba fagen da za mu ci ba ne yanzu, yawancinta ma ba auduga ba ce zalla, roba ce aka buga wa zane. A fara da kaki da farin yadi da zanen gado da tawul da bandeji, kayan da zanensu ba ya tsufa kuma ba a kwafe su. In hannu ya faɗa, a shiga shadda da yadin maza. Marinan Kano da masu bugu suna sayen farar shadda daga waje su rina, wannan kasuwa ce a bakin ƙofa.

Malam Nasiru, Riyad:
Kuma kada a ɗaure Kaduna da saƙa kaɗai. In unguwar ta samu wuta da ruwa tsayayyu, mai matse angurya da waken suya zai zo, mai abincin kaji zai zo, mai busar da cittar Kachiya da niƙa ta zai zo. Maƙeran Panteka, waɗanda ke ƙera injin niƙa da na sussuka da hannu, a ba su rumfa da wuta mai layi uku da injin gurzar ƙarfe, su ne za su riƙa yi wa masana'antun ƙananan kayan gyara. Kwalejin kimiyya da fasaha ta Kaduna da jami'ar Zariya duka suna koyar da fasahar saƙa, ɗalibansu suna gamawa ba su taɓa injin da ke aiki ba.

Auwal, Dammam:
Saura sufuri. Tashar tsandauri ta Kaduna tana Kakuri, an buɗe ta a Janairun 2018, amma sabon layin dogo ya tsaya a Ibadan daga kudu, a Abuja daga arewa, tsakaninsu ba a haɗa ba. Soda da rini da kayan gyara duk a kwantena suke zuwa, a bayan tirela. Duk mai lissafin masaƙa ya sa ajiyar sinadarai ta wata uku a cikin jarinsa.

Hajiya Rabi, Makka:
Auwal, ƙara wannan a lissafinka, don shi ne ke kashe masu yi wa gwamnati aiki: a kai kaya, a shekara ana bin kuɗi. In jiha ta yi odar yadin 'yan makaranta, kuɗin ya shiga asusun banki na musamman tun ranar sa hannu, a saki kashi 30 don sayen zare, sauran a biya cikin kwana 30 bayan an auna yadin an karɓa. Kuma odar ta fita a Janairu, lokacin da auduga ke fuloti, ba a Agusta ana saura mako uku a koma makaranta ba. Injiniya Bashir, rumfar ɗinki mai keke 500 da ɗakin guga, wuta nawa za ta ci? In bai kai rabin megawat ba, ina ganin faranti masu amfani da hasken rana a kan rufin za su ɗauki aikin yini tun kafin gas ya iso.

Injiniya Bashir, Yanbu:
Ba zai kai ba, Hajiya. Keken zamani mai ƙaramar mota ba ya cin wat 500 ko yana gudu, kuma ba duka ke gudu lokaci ɗaya ba. Da fitilu da fankoki da teburin yanka, kilowat 250 zuwa 300 ya isa, in tururin guga daga ƙaramar tukunyar gas ta silinda yake zuwa. Kowane kilowat na faranti yana son fili kamar murabba'in mita 5 zuwa 6, rufin rumfa ɗaya ya wadatar. Sai dai a fara hawa a duba ƙarfen rufin, don an yi shi ne ya ɗauki kwano ko asbesto kawai, kuma inda asbesto ne sai an sauke shi a jiƙe, da takunkumi a hanci, ba a fasa shi ba. Lokacin hunturu kuma a sa mai wanke farantan duk mako, ƙura tana rage musu ƙarfi sosai.